Gyara ko Sauyawa? Mai Bi da Man Ƙara Hasken Fata

Karatu: 1 Korantiyawa 6:19-20, Littafin Ƙidaya 12:1-15

Akwai tambayar da ba ta rasa fitowa duk lokacin da aka ba da damar rubuto tambayoyi a taron matasa ko na zumuntar mata. A ƙaramar takarda take zuwa, a nannaɗe, babu suna: shin zunubi ne mai bi ya shafa man da zai ƙara masa hasken fata? Amsa biyu ake saurin bayarwa. Wasu su ce zunubi ne kai tsaye, duk mai kwalliya jikar Yezebel ce. Wasu kuma su ce Allah zuciya yake dubawa, jiki kuwa naka ne, yi yadda ka ga dama da shi. Dukansu biyun sun yi garaje, kuma mai tambayar takan koma gida da kwalbarta a jaka da damuwarta a zuciya, yadda ta zo.

Littafi Mai Tsarki ba ya gaba da wanka da shafa mai. Na'omi ce da bakinta ta ce wa Rut ta yi wanka, ta shafa mai, ta sa tufafinta masu kyau kafin ta tafi wurin Bo'aza. A Matiyu sura 6 Ubangijinmu Yesu ya umarci mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai a ka, don kada ya yi ta yawo da ƙura da yamutsattsiyar fuska yana neman a ce masa sannu da ibada. Zabura 104 ta ƙidaya man da ke sa fuska sheƙi cikin kyautan da Allah ke fitarwa daga ƙasa. Yezebel kuwa ta sa kwalli ranar mutuwarta, gaskiya ne, amma jinin Nabot da na annabawa da bautar Ba'al ne suka jawo mata hukunci. Wanda ya ɗora laifinta a kan kwalli bai karanta labarin ya kai ƙarshe ba.

Masu ɗaya amsar sukan kawo Esta, su ce ai wata goma sha biyu aka yi ana yi mata gyaran jiki, shida da man mur, shida da kayan ƙanshi. Haka ne. Amma a tuna a ina aka yi. Fadar sarkin da bai san Allah ba ce, wanda ya kori matarsa don ta ƙi fitowa a yi kallonta, ya sa aka tattaro 'yan matan ƙasa domin ya zaɓa. Allah ya yi aiki a cikin wannan fada, amma bai kafa dokar fadar ta zama ta 'ya'yansa ba.

Kula da fata wajibi ne a ƙasa irin tamu. Hunturu yana busar da jiki har leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, gwiwa ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Bazara ta zo da zafin rana da ƙurajen gumi. Iyayenmu mata sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba a rasa man kaɗanya da sabulun salo a ɗakinsu, amarya kuma a yi mata lalle da dilka. Budurwar da ƙurajen fuska suka bar mata tabo, ko mai cikin da kumatunta suka yi duhu, in ta nemi fatarta ta daidaita ta koma launi ɗaya, ba ta yi laifin komai ba. Likitan fata ma yakan rubuta magani mai rage duhun tabo, a shafa a wurin kaɗai, na 'yan watanni, yana dubawa, sa'an nan a daina. Wannan jinya ce.

Bilicin wani abu ne dabam. Launin fatar mutum daga wani sinadari yake da ake kira melanin, wanda fatar ce da kanta ke yin sa. Yawansa ne ke sa wani baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani fari. Yana kuma da aiki: yana tare wani ɓangare na zafin hasken rana da ke lalata fata, kamar rumfa. Allah da ya ajiye mu inda rana ke dukan tsakar ka shi ne ya yi mana rumfar da kauri. Man bilicin aikinsa hana fata yin wannan sinadari, wato yaye rumfar a bar mai gida a fili.

Abubuwa uku aka fi samu a irin waɗannan mayuka da sabulai. Akwai haidurokwinon, wanda in aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya haifar da wani baƙi mai kama da shuɗi a kumatu da goshi, wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Mace ta fita neman fari ta dawo da baƙin da ya fi wanda ta gudu. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu na jinyar cututtukan fata ne na ɗan lokaci. In aka mayar da su man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nanƙarwa ta tsattsaga cinya da hannu, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Suna kuma ratsa fata su shiga jini, su iya jawo hawan jini da ciwon suga. Na ukun shi ne makuri, wanda tsofaffi ke kira zaiba, guba ce da ke lalata ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ba ta tsayawa a kan mai shafawa. Tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, tana mannewa a tawul da zanen gado har ta taɓa mutanen gida. Saboda irin ɓarnar da ta yi a garin Minamata na ƙasar Japan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage amfani da ita a 2013, Nijeriya kuma tana cikin waɗanda suka sa hannu. Mafi muni shi ne haɗin da ake damawa a shago ko a ɗaki, a ɗura a roba babu suna, babu lambar hukuma, mai sayarwar ma ba ta san ƙarfin abin da ta zuba ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidurokwinon a 2016, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ko da a ce ƙiyasin nan ya yi yawa, a rage shi rabi, har yanzu yana nufin maganar ta shafi masu zama a kujerun majami'armu, da masu waƙa, da matan shugabanni, da maza ma, don su ma sun shiga.

Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kuma an saye mu da tamani, saboda haka ba mu ne masu kanmu ba. A kan fasikanci yake magana a wurin, amma tushen da ya kafa ya wuce nan. In jikin nan na wani ne aka ba ni riƙo, to ni mai amana ne. Mai amana yana share gida, yana toshe inda ke yoyo, yana yaɓe inda ya tsage, har ya yi fenti ya dasa furanni. Abin da ba ya yi shi ne ya cire jinka don launinta bai yi masa ba, ya bar ruwa yana zuba a ɗakin mai gida. Wannan ita ce iyakar da nake gani tsakanin gyara da sauyawa. Gyara yana taimakon fata ta yi aikin da aka halicce ta domin shi. Bilicin yana hana ta aikin, a biya da lafiya.

Wata za ta ce, to ai muna sa tabarau, muna gyara haƙori, muna kitso da ƙarin gashi, wasu na rina furfura, me ya sa sai a kan fata za a ta da jijiyar wuya? Tambaya ce mai nauyi, kada a share ta. Ba duk canji ne tawaye ga Mahalicci ba, in ba haka ba da aski ma ya zama zunubi. Ni dai tambaya biyu nake yi wa kowane abu irin wannan. Ta fari, yana cutar da jikin da aka ba ni amana? Kitso ana tsefe shi, lalle yana gogewa, ƙodar da ta lalace kuwa ba a tsefe ta. Ta biyu ta fi zafi: me abin yake faɗa a kan yadda Allah ya yi ni? Tabarau yana cewa idona ya raunana. Man bilicin da ake shafawa daga goshi har tafin ƙafa yana cewa launina kuskure ne. Annabi Ishaya a sura 45 ya yi kashedi ga yumɓun da ke gardama da maginin tukwane. A ce gobe masana su fito da man da ba ya cutarwa ko kaɗan, tambaya ta fari ta faɗi, ta biyun tana nan daram.

Zuciyar kowa kuwa Allah ne ya san ta. Akwai wadda ta sayi mai don tabo, ba ta san abin da ke ciki ba, sai ta ga tana haske, aka fara yaba mata, ta kasa tsayawa. Akwai wadda ta so dainawa, fatar ta yi ja ta hau ƙaiƙayi, ta koma dole. Ba zan tsaya a bagade in yanke wa waɗannan hukunci ɗaya da wadda ta raina halittarta da gangan ba. Amma wanda ya san abu guba ne, ya ci gaba da ɗura wa haikalin Allah don idon mutane, yana da maganar da zai yi da Ubangijinsa, kuma sunan maganar tuba.

Sai dai in aka tsaya a kan mai shafawa kaɗai, an yi rashin adalci. Babu wadda aka haifa tana ƙin fatarta. Koya mata aka yi. Ta ji ana kirari farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida. Ta ji samari suna cewa in dai fara ce ko mayya ce a kawo. Ta ga ranar suna ana buɗe kunnen jariri ana duba ko zai yi duhu, in an ga alamar haka a ce kash, ya ɗauko ubansa. Ta ga an yi wa ƙanwarta laƙabi da Baturiya, ita kuma ana kiranta da sunan gawayi, ana dariya, ana cewa wasa ne. Ta ga wadda ake ɗauka aikin karɓar baƙi a ofis, da wadda ake sa wa a fim da allon talla. Wayar da ke hannunta ma tana ƙara mata haske a hoto tun ba ta roƙa ba. Ba za mu ɗora wannan duka a kan Bature ba. Kirarin nan da harshenmu aka yi shi, a tsakar gidajenmu ake rera shi.

Maza, da ku nake. Mai gidan da ke zaune da matarsa baƙa, kullum yana yabon hasken matar maƙwabci, shi ya rubuta takardar sayen man, ko da bai ba da ko kwabo ba. Wani ma shi ke bayar da kuɗin, in fatar ta ɓaci ya fara kwana a waje yana cewa tana wari. Saurayin da ke azumi yana roƙon Allah mace mai tsoron Ubangiji, amma a zuciyarsa ya riga ya sa sharaɗin launi, ya sani 'yan matan ikilisiya sun fi jin sharaɗin nan a kan addu'arsa. Uwar miji da ke cewa ɗanta ya kawo mata wadda za ta haska zuri'a, ita ma tana da kaso.

Ikilisiya ma ta binciki kanta. Su wa muke zaɓa su tsaya a ƙofa ranar babban taro? Hoton wa muke sawa a takardar gayyata? Yakubu a sura 2 ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba su bar matalauci a tsaye, ya kira abin zunubi. Tara saboda launi da tara saboda tufafi uwarsu ɗaya. Annabi Sama'ila kansa ya ga tsayi da kyan Eliyab ya ɗauka an gama zaɓe, sai da Ubangiji ya tsayar da shi ya nuna masa cewa kallon mutum da na Allah ba ɗaya ba ne. Ayar nan da ake kawowa don a ce jiki ba komai, asalinta gargaɗi ce ga mai kallo, mai auna darajar mutum da abin da ido ya gani.

Karatunmu na biyu ya dace da wannan wuri. Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush, ƙasar da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Can ƙasan maganar kishin matsayi ne, suna ganin su ma Allah yana magana ta bakinsu, amma da asalin matar suka buɗe baki. Ubangiji ya ji. Da girgijen ya tashi daga alfarwa, sai ga Maryamu da kuturta, fatarta fari fat. Ba na so in matsa wa nassin ya faɗi abin da bai faɗa ba, domin bai ce hukuncin ramuwar launi ba ne. Amma mai karatu ba zai kasa lura ba cewa a wannan sura farin fata ba albarka ba ne, kuma Allah bai ce uffan a kan auren Musa ba. Mutanen wannan yanki suna nan ko'ina cikin Littafi, da mutuncinsu. Ebed-melek ne ya je gaban sarki ya roƙa, ya ciro Irmiya daga rijiya, har ya haɗa masa da tsummoki ya sa a hammata don kada igiya ta ji masa ciwo. Ma'ajin sarauniyar Habasha ne Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza. Cikin annabawa da malaman ikilisiyar Antakiya, waɗanda suka ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, akwai Saminu da ake kira Baƙi. Budurwar Waƙar Waƙoƙi ma rana ce ta ƙona ta a gonar inabi, ba ta kuwa ga wannan ya rage mata kyau ba, ango bai gani ba shi ma.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne shafa wa yara. Ana yi, har da jarirai. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, guba ta fi saurin ratsa ta, shi kuma bai roƙa ba, bai san komai ba. Ban da cutar jiki, uwar ta rubuta masa a zuciya tun bai iya magana ba cewa yadda ya zo duniya bai gamsar da ita ba. Wadda ke yin haka ta daina yau, ta kai yaron asibiti a duba shi, ta faɗa wa likita gaskiyar abin da ta shafa masa. Garin neman gira kada a rasa ido, idon ma na wani.

Kada kuma mu fita daga wannan rami mu faɗa na kusa da shi. Baƙar fata ba shaidar tsarki ba ce. Akwai waɗanda Allah ya yi farare tun daga ciki, akwai zabiya, waɗanda ma su ne suka fi kowa bukatar kariya daga rana. Ba aikin kowa ba ne ya zauna a sujada yana leƙen gaɓoɓin yatsun 'yar'uwa don ya gano ko tana shafawa, a fita a yi ta da ita a bakin ƙofa. Gulma ba ta taɓa raba kowa da kwalba ba, sai dai ta raba shi da majami'a.

Mu masu gaskata cewa Yesu yana warkarwa har yau, muna kuma ɗora hannu a kan marasa lafiya. Amma a nan sai mun yi gaskiya. Mutum yakan fito layin addu'a da fatar da ta ƙone, a tsawata wa maƙiya da aljanu, a shafa masa man keɓewa, alhali abin da ke cinsa yana kan teburin ɗakinsa, da dare kuma zai koma ya shafa. Ba kowace cuta ce harin maƙiyi ba. Ubangiji ya ƙi bin shawarar Shaiɗan ta ya yi tsalle daga kan haikali don a gwada Allah, mu kuma kada mu sha guba da hannunmu mu ce alkawarin warkarwa zai tare mu. Mu yi addu'a, ƙwarai kuwa, domin abin da ke ɗaure mutum a nan ya fi ƙarfin shawara: tsoron kada miji ya juya baya, kunyar abin da za a ce, raunin kalmar da aka faɗa masa tun yana ƙarami. Waɗannan Ruhu Mai Tsarki ne ke kwance su. Bayan addu'ar kuma a kama hanyar asibiti.

Ga wadda ta yi niyyar dainawa, ki ɗauki kwalaben duka ki kai wa likita, na fata in akwai, ya ga abin da ke ciki. In mai sitiroyid ne kuma kin daɗe a kai, yanke shi rana ɗaya yana iya tayar da fatar, har ya taɓa jiki gaba ɗaya, don haka a hankali ake janyewa bisa umarninsa. Ki nemi a auna miki jini da suga, a duba ƙoda. In kina da ciki, ko kina shayarwa, ko za a yi miki tiyata, ki faɗa tun ba a tambaye ki ba, domin fatar da ta yi siriri tana wahalar ɗinki. Ki koma sabulu mara zafi da mai mara haɗi, irin man kaɗanya ko basilin. Ki guji tsakar rana, ki riƙe lema ko mayafi, in da hali ki sami man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Ki bar matse ƙuraje, shi ke barin tabo. In za ki sayi wani abu, ki duba lambar NAFDAC, ki karanta abin da aka rubuta, duk wanda ya yi miki alkawarin haske cikin kwana bakwai kuma ki ajiye masa kayansa.

Ki kuma sani tun yanzu cewa watannin farko su ne masu wuya. Fatar za ta yi duhu, wataƙila fiye da dā, wani wuri ya fi wani, kafin ta daidaita. Mutane za su tambaya ko ba ki da lafiya. A nan ne da yawa ke komawa, a nan ne kuma ake bukatar ikilisiya. Musan da Maryamu ta yi wa gunaguni shi ya yi kuka ga Allah dominta, sa'ad da aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai kuma, jama'a duka ba su ɗaga tafiya ba sai da aka komo da ita.

Saboda haka shugabannin zumuntar mata su sa ido da ƙauna. In 'yar'uwa ta ɗauke ƙafa daga sujada a irin wannan lokaci, a je gida a same ta, kada a jira ta warke tukuna. In tana cikin mawaƙa, a bar ta a layinta na gaba inda take. In kuɗin ganin likita ya gagara, a duba asusun taimako. Mai gidanta kuma ya raka ta asibitin da ƙafarsa, ranar Lahadi su shigo tare.